WA MUKA BAI WA AJIYAR SIRRINMU?

 Kafin mu shiga zancenmu na yau, ina so ka ɗan tsaya ka dubi yadda kakanninmu suka tsara ginin gida. Gidan Bahaushe na asali, daga Kano zuwa Katsina, daga Zazzau zuwa Damagaram, zaure za ka fara tararwa. Daga zaure sai ƙofar gida, wani gidan ma har da shigifa, sannan a kai ga tsakar gida, daga nan sai ɗakuna da turaka. In ka lura kuma, magini ba ya saita ƙofar shiga zaure da ta fita, sai ya karkatar da ita gefe, don kada mai wucewa ya ɗaga ido ya hango abin da ke ciki. Baƙo iyakarsa zaure. In yana son ganin maigida sai ya samu yaro ya aika, a ce wai ana sallama. Babu wanda ya taɓa cewa mutanen gida ɓarayi ne don sun yi katanga. Kowa ya san mutunci ne.

To yau ga shi mun wayi gari katanga tana nan, zaure yana nan, wani gidan har an rubuta "ba shiga" a jikin bango, amma akwai baƙon da ya wuce zaure, ya ratsa tsakar gida, ya kwana a turaka ƙarƙashin matashin kai. Ba ya sallama, domin mu muka sayo shi da kuɗinmu. Wayar hannu nake nufi, da manyan kamfanonin intanet da ke bayanta. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: mutumin da ya miƙa sirrinsa da hannunsa, ba duka ba zagi, yana da bakin cewa an ci amanarsa? Shi kuma wanda ya karɓa, wane nauyi ne ya hau kansa?

Bari mu fara sanin su wane ne baƙin nan. Manyansu ba su da yawa, kuma galibi a Amurka suke. Akwai Google, wanda aka kafa a 1998, wanda kusan tara cikin goma na binciken da ake yi a intanet ta hannunsa yake bi. Shi ne kuma mai YouTube da Gmail da taswirar da ke nuna hanya, da Android, wato manhajar da ke tafiyar da mafi yawan wayoyin da ke hannunmu. Akwai Facebook, wanda aka kafa a 2004, ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014 a kan dala biliyan 19, sannan a 2021 ya sauya wa uwar kamfanin suna zuwa Meta. Ka ga ke nan wanda ya ce ya yi fushi da Facebook ya koma WhatsApp, ɗaki kawai ya sauya, gidan dai na mutum ɗaya ne.

Waɗannan kamfanoni ba su taɓa aiko maka da takardar neman kuɗi ba. To da me suke ci? Hausawa dai sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. A shekarar 2024 kaɗai Meta ya samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 160, kuma kusan dukkansu daga talla suka fito. Dalilin da ya sa masu talla ke zuba wannan dukiya shi ne, tallar rediyo kowa take faɗa wa, mai so da marar so, amma tallar waya zaɓen mutum take yi. Mai kayan jarirai yana so a kai shi wurin mai ciki, mai ba da rance yana so a kai shi wurin wanda aljihunsa ya bushe, ɗan siyasa yana so a kai shi wurin mai jin haushi. Saboda haka wanda ya fi sanin mutane shi ke cin kasuwa. Kamfanin dillali ne, hajarsa kuwa sanin halinka. Galibi ba ya miƙa wa mai talla littafin da ya rubuta a kanka, don shi ne jarinsa. Abin da yake yi, ya karɓi la'ada ya rako mai talla har inda kake. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ta yaya suke sani? Wayar tana faɗin inda take. Inda take kwana kullum, nan ne gidanka. Inda take wuni, nan ne wurin sana'arka. Inda take zuwa duk Juma'a da rana, an san masallacinka ke nan. In ta yi mako tana zarya asibiti, an san gida ba lafiya. Abin da ka tambayi Google da tsakar dare, wanda ko amininka ba za ka iya tambaya ba, yana nan a rubuce. Sunayen da ke cikin wayarka, hoton da ka daɗe kana kallo, bidiyon da ka tsallake, duk ana lissafawa. Har shafukan da ba nasu ba, da yawa suna ɗauke da 'yan ƙananan alamomin waɗannan kamfanoni masu aika musu labarin cewa ka leƙo. Wani bincike da masana daga jami'o'in Kambirij da Stanford suka fitar a 2015 ya nuna cewa daga abubuwa 10 kacal da mutum ya danna wa alamar so a Facebook, kwamfuta tana iya hasashen halinsa fiye da abokin aikinsa. Daga 150 ta fi danginsa. Daga 300 kuwa ta fi abokin zamansa na aure. Tirƙashi!

Hujjar farko da za ka ji a majalisa in ka kawo wannan zance ita ce: "To sai me? Ni ba ni da abin ɓoyewa. Ai mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as." Ba mutanen majalisa kaɗai ke faɗin haka ba. A watan Disamba na 2009 an yi hira da Eric Schmidt, shugaban Google na lokacin, a gidan talabijin na CNBC, inda ya ce in mutum yana da abin da ba ya so kowa ya sani, to watakila tun farko bai kamata ya aikata shi ba.

Maganar tana da daɗin ji, amma ta cakuɗa sirri da laifi, alhali kowanne hanyarsa daban. Amaryar da ke ɓoye cikin fari har sai ya fito da kansa, wane laifi ta yi? Magidancin da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba, ya wanke rigarsa ya goge ya fito masallaci yana fara'a, ɓarawo ne? Mai ciwon da ba ya so a riƙa yi masa kallon tausayi fa? Da wanda ya kai sadaka cikin duhu, da ma'auratan da suka saɓa suka shirya ba wanda ya ji? Ka tuna addu'ar da muka fi yi wa juna safe da yamma: Allah ya rufa asiri. Da a ce duk abin ɓoye laifi ne, da wannan addu'a ta zama roƙon a kare masu laifi ke nan. Mutum yana buƙatar wurin da zai yi kuka, ya yi kuskure ya gyara, ya yi tunani ya sauya, ba tare da ido a kansa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sannan ka lura, sirri yana iya kasancewa a hannun wani kuma ya ci gaba da zama sirri. Likita ya san ciwonka. Uwar adashi ta san ƙarfin kowace mace a cikin zubi. Ungozoma ta ga abin da ta gani, haka mai wankan gawa. A da, wanda bai yi boko ba yakan je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya zazzage masa cikinsa, daga maganar bashi zuwa rikicin gado. Duk waɗannan sun sani, kuma ba a ce asiri ya tonu ba, domin kowane labari yana zaune a mazauninsa. Tonon asiri yana farawa ne ranar da labari ya bar inda aka ajiye shi ya koma inda ba a nufe shi ba, ranar da maganar likita ta isa gidan surukai ko kunnen mai ɗaukarka aiki. To yanzu ka ƙaddara mutum ɗaya ne likitan, shi ne mai rubuta wasiƙar, shi ne direban da ke kai ka unguwa, shi ne mai kantin da kake cin bashi, duk abin da ya ji yana haɗawa a littafi ɗaya, sannan sana'arsa ta ainihi dillanci ce. Misalin wasiƙar ma ba ƙari na yi ba: daga 2004 har zuwa 2017 kwamfutocin Google suna duba abin da ke cikin wasiƙun Gmail don zaɓen tallar da za a nuna wa mai su, kafin kamfanin ya daina.

Abin dariya kuma, masu koya mana cewa zamanin ɓoye-ɓoye ya wuce, su ba su yarda da haka a kan kansu ba. A farkon 2010 Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya ce mutane sun saba da bayyana al'amuransu a fili, al'ada ta sauya. A 2013 sai ga shi ya sayi gidaje huɗu da ke maƙwabtaka da nasa a garin Palo Alto a kan kimanin dala miliyan 30. A 2016 kuma aka ga wani hotonsa, kwamfutarsa tana gefe, an liƙe idon kyamararta da salatif. Ka ji fa! Wanzami ba ya son jarfa.

Mu kuwa addininmu bai bar wannan batu a duhu ba. A Suratul Hujurati an hana bin diddigin asirin mutane, a cikin ayar da ta hana mummunan zato da giba. A Suratun Nuri an hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, har yara da masu hidima na cikin gida an sanya musu lokuta uku da za su nemi izini kafin su shiga ɗaki: kafin sallar asuba, da lokacin hutun rana, da bayan isha'i. Ka duba da kyau, ba a ce a nemi izini wurin mai laifi kaɗai ba, ba a kuma ce wanda ya san shi mutumin kirki ne ya bar ƙofarsa a buɗe ba. Izinin haƙƙin mai ɗaki ne, ko da addu'a kawai yake yi a ciki.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma bai kamata mu raina ta ba. Za a ce: "Ai an nemi izinin. Ranar da ka buɗe shafin an nuna maka sharuɗɗa, kai ka danna cewa ka yarda. Baƙon da maigida ya ce masa bismilla ya shigo, ba a ce masa ɓarawo." Gaskiya ne an nuna, gaskiya ne an danna. Amma wace irin yarda ce? Wasu masana biyu na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka sun yi lissafi a 2008 cewa in Ba'amurke zai karanta sharuɗɗan sirri na duk shafukan da yake shiga, zai kashe kimanin awa 244 a shekara. Wannan fa wanda aka haifa cikin Turanci ke nan. Ina ga tsohuwar da jikanta ya saita mata waya don ta riƙa jin muryar ɗanta da ke Kurmi? Ita ma a littafinsu an rubuta ta karanta, ta fahimta, ta yarda.

Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa ciniki ba ya inganta sai an san abin da aka sayar da abin da aka biya. Shi ya sa aka hana sayar da kifi a ruwa da tsuntsu a sama. A wannan ciniki namu mun san abin da muka karɓa, amma wa zai iya faɗin abin da ya biya? Ba ka san nawa aka ɗiba ba, ba ka san shekara nawa za a riƙe ba, ba ka san hannun da zai ƙare ba. Sannan yarda tana da ma'ana ne in mutum yana da ikon cewa a'a. A watan Janairu na 2021 WhatsApp ya aika wa jama'a sababbin sharuɗɗa, ko su amince kafin 8 ga Fabrairu ko su rasa shafinsu. Aka yi ca a kansa, miliyoyi suka sauko da Signal da Telegram, har ya ɗage wa'adin. Amma da ƙura ta lafa, ina aka koma? Abokan ciniki suna can, zauren dangi yana can, sanarwar makarantar yara tana can. In kasuwa ɗaya ce a gari, faɗin "wanda bai so ba kada ya zo" bai zama zaɓi ba. Ko a ƙasarsu, a watan Agusta na 2024 wani alƙalin tarayya a Amurka ya yanke hukuncin cewa Google ya yi kakagida a harkar bincike ta hanyar da ta saɓa wa doka.

Wani lokacin ma ko ka ce a'a ba a ji. A watan Agusta na 2018 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya gano cewa Google yana ci gaba da adana wuraren da mutane suka je ko da sun kashe maɓallin tarihin wurare, domin akwai wani maɓallin daban da ke ci gaba da aiki. A 2022 kamfanin ya amince ya biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5 don a rufe maganar. Haka kuma lokacin da Facebook zai sayi WhatsApp ya shaida wa Tarayyar Turai cewa ba zai iya haɗa bayanan masu amfani da manhajojin biyu kai tsaye ba, a 2016 sai ga shi ya fara haɗa lambobin waya, a 2017 aka ci shi tarar yuro miliyan 110.

Ga kuma inda hujjar yarda ta rushe gaba ɗaya. Sirrin da ke cikin wayarka ba naka ne kai kaɗai ba. A 2014 wani malamin jami'ar Kambirij mai suna Aleksandr Kogan ya saki wata 'yar manhajar gwajin hali a Facebook. Mutum kimanin 270,000 ne suka shiga suka ce sun yarda. Amma tsarin Facebook na lokacin ya bar manhajar ta kwashi bayanan abokansu ma, har adadin ya kai kusan mutum miliyan 87, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica, wanda ya yi wa yaƙin neman zaɓen Donald Trump aiki a 2016. Maganar ta fito fili a watan Maris na 2018 ta bakin wani tsohon ma'aikacinsu, Christopher Wylie. To waɗannan miliyoyi, wa ya tambaye su? Abokinsu ne ya buɗe ƙofa, aka shiga ɗakunansu.

Hujja ta uku ita ce ta talaka: "Ni wane ne da Bature zai damu da ni? Me nake da shi?" Allah sarki. Jaridun Ingila da suka tona wancan asiri sun kuma ruwaito cewa wani attajirin Nijeriya mai goyon bayan tazarcen Goodluck Jonathan ya ɗauki hayar mutanen wannan kamfani gabanin zaɓen 2015, aka shirya wani bidiyo cike da hotunan zubar da jini don tsorata masu zaɓe game da Muhammadu Buhari. Rahoton bai ce Jonathan ya san da aikin ba. Abin lura dai shi ne masu wannan sana'a sun san hanyar gidanmu. A watan Nuwamba na 2020 kuma jaridar intanet ta Motherboard ta ruwaito cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi ke duba lokutan salla da alƙibla da ita, tana aika bayanan wuraren masu amfani da ita ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin masu saye a wurinsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja, suka kuma yanke hulɗa da dillalin. Mutum dai alƙibla ya nema, sai ga sawunsa a kasuwa.

In kana ganin wannan ya yi nisa, ga na kusa. Manhajojin ba da rance na waya, waɗanda ake sauko da su daga kantin manhajoji na Google, a da sukan nemi izinin ganin sunaye da hotunan da ke cikin waya kafin su ba da ko sisi. Mai buƙata ya danna. Ranar da ya makara da biya, sai saƙo ya isa wurin surukinsa da limaminsa da maigidansa a wurin aiki cewa wane macuci ne. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni tarar naira miliyan 10, kuma sai a 2023 Google ya hana manhajojin rance taɓa sunaye da hotuna. Wanda aka tozarta a tsakani, wa zai mayar masa da mutuncinsa? Magana zarar bunu ce. Kuma ka ga talaka ne ya fi shan wuya, domin mai kuɗi yana da lauya, shi kuwa talaka sunansa na kirki shi ne jarinsa.

Yanzu mu ɗauka duk mutanen kamfanonin nan salihai ne, ba su nufin kowa da sharri. Tsugune ba ta ƙare ba, saboda duk wanda ya tara hatsin gari a rumbu ɗaya ya kira ɓarayin duniya. A 2013 'yan kutse suka shiga rumbun Yahoo, ba a sanar da jama'a ba sai 2016, sannan a 2017 kamfanin ya amsa cewa dukkan asusunsa biliyan 3 abin ya shafa. A watan Afrilu na 2021 aka watsa lambobin waya da sunayen masu Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 kyauta a intanet, har da na 'yan Nijeriya. Ɗan damfarar da ya kira ka da cikakken sunanka, ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar da aka turo maka, irin wannan jeri ne abincinsa. Lambar sirri ana iya sauya ta, amma ranar haihuwarka da fuskarka da sunan mahaifiyarka fa?

Bayan ɓarawo kuma akwai mai mulki. A watan Yuni na 2013 Edward Snowden ya fito da takardun da suka nuna cewa hukumar leƙen asirin Amurka tana karɓar bayanan jama'a daga Google da Facebook da Microsoft da Yahoo da Apple ƙarƙashin wani shiri mai suna PRISM. Kamfanonin sun ce umarnin kotu suke bi, ba su bar ƙofa a buɗe ba. Ko ma dai yaya ne, abin da aka tara don talla ya amfani ɗan leƙen asiri. Littafi yana daɗewa fiye da niyyar wanda ya rubuta shi. Turawan Beljiyam da suka sa ƙabila a katin shaida a Ruwanda a shekarun 1930 aikin ofis suke yi, amma a 1994 wannan kati aka riƙa dubawa a shingayen hanya ana ware wanda za a kashe, a kisan da ya ci mutum kimanin 800,000 cikin kwana 100. Hannun da ke riƙe da littafi yau ba lallai shi zai riƙe shi gobe ba.

Adalci ne kuma mu faɗi alherinsu, kada a ce mun ci tuwo mun fasa akushi. Mace tana cikin gidanta tana sayar da atamfa da turaren wuta har Legas da Yamai. Wanda bai iya rubutu ba yana aika saƙon murya. Ɗalibi a ƙauye yana sauraren darasin da a da sai ya yi tafiyar kwanaki. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya, ta yadda ko kamfanin ba ya iya karanta abin da ke ciki, ko da yake yana ganin bayan ambulan, wato lambarka da irin wayarka da lokutan da kake aiki da ita. Kuma tsaron da manyan kamfanonin nan ke yi wa asusu ya fi na ƙananan shafuka da yawa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai alheri ba ya halatta cin amana. Wanda ya ba ka masauki kyauta ka gode masa, amma hakan bai ba shi ikon bincike jakarka kana barci ba.

Hukumomi fa? Suna ƙoƙari. Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanai a watan Mayu na 2018, kuma a 2023 aka ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 a ƙarƙashinta. A 2019 Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5, amma ranar da labarin ya fito farashin hannun jarinsa hawa ya yi. Nijeriya ta samu tata dokar a watan Yuni na 2023, sannan a watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220, tana zarginsa da sarrafa bayanan 'yan Nijeriya ba da izini ba, da kuma ba su kariyar da ba ta kai ta wasu ƙasashe ba. Kotun sauraren ƙorafi ta tabbatar da tarar a watan Afrilu na 2025. Kuɗi ne masu yawa a idonmu, amma in ka raba abin da kamfanin ya samu a 2024 da kwanakin shekara, za ka ga tarar kusan cinikin rabin yini ce. Tarar da ba ta kai riba ba, ɗan kasuwa yakan sa ta cikin kuɗin haya ne kawai.

To ga inda na tsaya. Ni a ganina abin da muka miƙa wa kamfanonin nan ajiya ce, kuma hukuncin ajiya sananne ne ko a wurin wanda bai je makaranta ba. Mai riƙon ajiya ba ya amfani da ita sai a kan abin da aka ba shi dominsa, ba ya miƙa ta ga wani, yana tsare ta kamar tasa, in ta salwanta yana faɗa da wuri, in mai ita ya ce a dawo masa da ita yana dawowa da ita. Danna maɓallin yarda bai sauke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin nauyi yana bin sani da iko ne, kuma su suka san abin da ake ɗiba, su ke da ikon dainawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka wanda ya miƙa sirrinsa don a isar masa da saƙo, aka juya aka yi kasuwa da shi ta hanyar da bai sani ba, yana da bakin cewa an ci amanarsa.

Amma kada mu nuna su da yatsa mu manta da namu kason, domin kowannenmu ma mai riƙon ajiya ne. Lambobin da ke wayarka na mutane ne da suka ba ka don ka kira su. Hoton matar wani da ka ɗauka a wurin biki, da saƙon murya da aka aiko maka kai kaɗai, da hoton marar lafiya a gadon asibiti, da na yaron da bai san hagunsa da damansa ba, duk ajiya ce. Wanda ya ɗauki hoton hirar da aka yi da shi a asirce ya watsa, bai da bakin zagin Zuckerberg. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka danna, ka tambayi kanka me ya haɗa manhajar tocila da sunayen mutanenka, me ya haɗa wasan yara da sanin inda kake kwana. Ka shiga saitin wayarka ka janye izinin da ba shi da dalili. Ka sa tabbaci mai mataki biyu a asusunka, kada ka karanta wa kowa lambar da aka turo maka ko ya rantse da abin da zai kashe shi. Ka zauna da iyaye da ƙannen da ba su iya ba ka gyara musu tasu. In an kawo batun dokar kare bayanai kuma, kada ka ce zancen 'yan boko ne, domin katangar da mutum ɗaya ba zai iya ginawa ba gayya ke gina ta.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu, amin. Sai mun haɗu a zance na gaba.